Katin Asibiti Ma Yana Mutuwa, A Sabunta Shi Kafin A Tashi Cin Rani

Ya ku 'yan'uwa makiyaya, da fataken shanu, da dillalai, da duk wanda abincinsa ke rataye a jelar saniya a wannan ƙasa ta Gana. A wannan fitowa muna so mu ɗan ajiye maganar burtali da mashaya da ɓarnar gona, waɗanda kullum su ne a bakinmu, mu yi magana a kan wani ɗan kati da da yawanmu suka ƙulle a ƙasan jaka tare da rasit ɗin harajin shanu, suna zaton yana nan da ransa, alhali kuwa ya daɗe da mutuwa. Muna nufin katin inshorar lafiya na gwamnati, wanda ake kira NHIS.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne abin da ya sami wani ɗan'uwanmu a ranin 2023, lokacin da yake mashekari da shanunsa a gefen tafkin Volta. Ɗansa mai shekara tara ya kwana biyu da zazzaɓi, a dare na uku sai jijjiga ta kama shi. Uban ya goya shi a babur, ƙanensa yana riƙe da yaron ta baya, suka yi tafiyar kusan awa uku a hanyar da ko jaki sai ya yi tunani kafin ya bi ta. Da suka isa asibiti ya miƙa kati da ƙarfin zuciyarsa, domin ya san ya yi wa iyalinsa duka rajista, ya san ranar da ya yi layi tun asuba aka ɗauki hotonsu da zanen yatsunsu. Akawu ya buga lambar a na'ura, ya ɗago ya ce masa katin ya mutu wata biyar ke nan. Ɗan'uwan namu ya ce ai an gaya masa katin na shekara biyar ne. Akawu ya ce gaskiya ne robar katin tana kai shekara biyar, amma ran da ke cikinta na shekara ɗaya ne tak, duk shekara sai an sabunta. Ya ce to a sabunta yanzu, ga kuɗi. Aka ce masa ko ya biya yau, tun da mutuwar ta wuce wata uku, sai ya jira wata guda kafin katin ya fara aiki. Ciwo kuwa ba ya jiran wata guda. Washegari ya yi wa dillali waya, aka kama karsanarsa mafi kyau aka kai kara, aka sayar da ita a farashin wanda aka san yana cikin matsi. Yaro ya warke, mun gode Allah. Amma karsanar da za ta haifa masa maruƙa shekara da shekaru ta tafi a kan abin da, in da an biya a kan kari, ko kuɗin ɗan akuya bai kai ba.

Ba mu kawo wannan labari don mu kunyata kowa ba. Mun kawo shi ne domin mun san duk wanda ya karanta, ko aka karanta masa a inuwar kara, zai tuna da wani nasa da irin haka ta faru da shi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dattawanmu ba su manta da yadda asibitin Gana yake a da ba. Tun 1985 aka ɗora wa marasa lafiya kuɗin asibiti mai nauyi, daga 1992 kuma aka shiga tsarin nan da ake kira "cash and carry", wato ajiye kuɗi kafin a ba ka magani. A wancan zamani mace kan haihu a riƙe ta da jaririnta har sai miji ya kawo kuɗi, kuma mutane da yawa sun gwammace su zauna a gida da sassaƙe da jiƙo har rai ya yi halinsa. Don a kawar da wannan ne gwamnatin Shugaba John Kufuor ta kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, doka mai lamba 650. A watan Yuli na 2008 aka ƙara da kula da masu juna biyu kyauta. A 2012 aka sake dokar da wata mai lamba 852, wadda ta haɗe ƙananan asusun gundumomi suka zama tsari ɗaya a ƙarƙashin hukuma ɗaya. Wannan haɗewa tana da muhimmanci gare mu fiye da kowa, domin wanda ya yi rajista a Bawku ko Gushegu, katinsa zai yi masa aiki a Yeji ko Kintampo ko Ashaiman, muddin asibitin yana cikin waɗanda hukumar ta amince da su, kuma muddin katin yana da rai.

Akwai masu cewa a cikinmu wai wannan abu na 'yan gari ne, mu mutanen daji ba mu da rabo a ciki. To, bari mu tambaye su, da kuɗin wa ake tafiyar da shi? Mafi yawan kuɗin asusun yana fitowa ne daga wani haraji na kashi 2.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan kayayyaki da hidimomi. Duk ranar da ka sayi katin waya, ko batir, ko tocila, ko takalmin roba, ko turmin atamfa na uwargida, ko sabon babur bayan ka sayar da bijimi, ka zuba naka a cikin wannan asusu, ko ka sani ko ba ka sani ba. Mai karɓar harajin bai taɓa tambayarka ko a ruga kake kwana ko a gidan kwano ba. Ashe ke nan wanda ya bar katinsa ya mutu, tamkar wanda ya yi ta zubin adashi ne shekara da shekaru, ranar kwasarsa ta zo ya ƙi zuwa. Bugu da ƙari, dokar 2012 ta yi maganar mazaunin Gana ne, ba ta ce sai ɗan wata ƙabila ba. Kowane mazaunin ƙasar an ɗora masa ya shiga, kuma abin da doka ta wajabta maka ba za a ce alfarma ake yi maka ba in ka zo nemansa.

Me katin ke ɗaukewa? Hukumar ta ce ya ƙunshi kusan kashi 95 cikin ɗari na cututtukan da aka saba gani a ƙasar. A ciki akwai ganin likita, da gwajin jini, da maganin zazzaɓin sauro, da gudawa, da kwanciya a gado, da awon ciki, da haihuwa har da ta tiyata, da aikin gwaiwa, da cire yanar ido, da cire haƙori, da taimakon gaggawa ga wanda ya yi haɗari. Akwai kuma abin da bai ɗauke ba, kamar tabarau, da haƙorin roba, da dashen ƙoda, da jinya a ƙasar waje. Yana da kyau a san wannan tun a gida domin kada a je a yi rigima da ma'aikacin da ba shi ya rubuta doka ba.

Game da biya kuwa, babban mutum mai shekara 18 zuwa 69 wanda ba ya aikin albashi, wato irinmu, shi ke biyan kuɗin shekara. Yaran da ba su kai 18 ba da tsofaffin da suka kai 70 an ɗauke musu wannan, sai ɗan kuɗin aikin kati kawai. Mai juna biyu ba ta biyan ko kwabo, sai dai ta je ofishin hukumar na gunduma da shaidar ciki daga wurin awo. Haka nan matalautan da ofishin jin daɗin jama'a ya tantance, da masu karɓar tallafin LEAP. To amma ga inda kuskuren yake: ɗauke wa mutum biya ba shi ne ɗauke masa sabuntawa ba. Katin yaro yana mutuwa, na tsoho yana mutuwa, na mai jego ma yana mutuwa in lokacinsa ya cika. Sau nawa muka ji uwa tana cewa ai na yara kyauta ne, ba ta san kyautar ma sai an je an sabunta ta ba.

Har ila yau muna jan hankalin 'yan'uwanmu da ke shigowa da dabbobi daga arewa. A Nijar tun 2006 aka yi dokar duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, a Burkina Faso kuma aka yi irinta a 2016 ga yara da masu ciki. A can shekarun yaro ake dubawa. A Gana kati ake dubawa. Wanda ya ƙetaro ta Paga da tunanin cewa zai miƙa jariri kawai a duba shi kamar yadda ya saba a gida, zai sha mamaki a bakin taga.

Me ya sa katinmu ya fi na kowa mutuwa? Ba don mun fi kowa sakaci ba ne. An tsara abin ne da tunanin mutumin da ke kwana wuri ɗaya shekara duka, wanda ofis ke kusa da shi, wanda kuma yake karanta Turanci. Mu kuwa da zarar hunturu ya kama a watan Nuwamba, ciyawa ta bushe a arewa, sai a ɗaure kaya a nufi bakin ruwa, wasu wajen Buipe, wasu Yeji, wasu har filayen Afram. Ba za a dawo ba sai ruwa ya sauka. Idan ranar mutuwar katin ta faɗo a cikin waɗannan watanni, wa zai bar garke a hannun yara ya yi tafiyar yini don ya yi layi? Kuma kati ba ya kuka in zai mutu. Saniya in ba ta da lafiya za ka gan ta ta ware daga garke, ta daina tuƙa, hancinta ya bushe. Kati kuwa yana nan fes a cikin leda, hotonka yana kallonka, ba za ka san gawa kake ɗauke da ita ba sai ranar da ka fi bukatarsa.

A watan Disamba na 2018 hukumar ta fito da hanyar sabuntawa ta waya, kuma wannan abin a yaba ne. Ana buga *929# a kowace irin waya, ko da ƙaramar nan ce mai tocila, ba a bukatar intanet. A nan za ka iya duba ko katin yana da rai, ka sa lambar da ke jikinsa, ka biya ta kuɗin waya, wato momo. Abin da ya fi muhimmanci, wanda mutane da yawa ba su sani ba, shi ne ba dole sai da wayar mai katin ba. Ɗanka da ke karatu a Tamale zai iya sabunta na gidan duka yana zaune a ɗakinsa, in dai lambobin suna hannunsa. Dillalinka da ke Turaku a Ashaiman zai iya yi maka, ya cire a cinikin sa na gaba.

Sai dai ita ma wannan hanya tana da nata ƙullin, kuma dole mu faɗe shi. Tun 2020 aka fara haɗa katin asibiti da katin ɗan ƙasa, wato Ghana Card. Daga 2021 kuma aka ce kowane layin waya sai an yi masa rajista da wannan kati, a 2023 aka rufe layukan da ba a yi wa ba. To wanda aka hana shi Ghana Card, ba shi da layi da sunansa, ba shi da momo, ƙofar da aka ce an buɗe wa kowa ta zama a rufe gare shi. Kowa ya san irin kallon da ake yi wa Bafulatani a wurin rajista, da irin tambayar da ake yi masa wadda ba a yi wa na gabansa a layi ba. Alhali Fulani suna zaune a arewacin ƙasar nan tun zamanin Turawa, tun kafin 'yancin kai na 1957, kuma tsarin mulkin 1992 ya ce wanda ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan Gana ne, shi ma ɗan Gana ne. Suna ko hular mutum ba su ne shaidar ƙasa ba. Wanda kuwa baƙo ne da gaske, shi ma mazauni ne, yana da hanyarsa ta rajista a doka, bai kamata a sallame shi da "je ka dawo" ba.

Mun san abin da wasu za su ce, domin mun sha jinsa a majalisa. Za su ce, mun sabunta, mun je da kati mai rai, amma aka rubuta mana takarda aka ce mu je mu sayo magani a kemis, wani wuri ma aka ce mu yi ciko. Wannan ƙorafi gaskiya ne, ba za mu rufe shi ba. An yi shekaru asibitoci suna kukan cewa hukumar tana jinkirin biyansu, su kuma suna huce haushinsu a kan majinyaci, kuma ita kanta hukumar ta sha faɗa cewa karɓar kuɗi a kan abin da kati ya ɗauke haramun ne. Amma a duba lissafin da kyau. Mai kati in an zalunce shi, kuɗin magani ɗaya ko biyu zai biya, kuma yana da bakin kai ƙara ofishin gunduma da rasit a hannunsa. Marar kati kuwa zai biya ganin likita, da gwaji, da gado, da ƙarin ruwa, da tiyata, kuma ba shi da wanda zai kai wa kuka. Rijiyar da ruwanta ya yi ƙasa ƙarin igiya ake yi mata, ba a cike ta da ƙasa.

Wasu kuma za su ce, shekara uku muna biya ko ciwon kai ba mu yi ba, kuɗinmu ya tafi a banza. To, shekara nawa kake kiran malamin dabbobi yana yi wa garkenka allurar ciwon huhu? In shekara ta wuce ba wadda ta kamu, kana cewa kuɗin allura ya tafi a banza? Mu ne fa muka fi kowa sanin cewa rigakafi ya fi magani. Kakanninmu sun ga yadda bushiya ke share garke ta bar mai shanu ɗari da sanda kawai, kuma allura ce ta kore ta har aka yi shelar ƙarewarta a duniya a 2011. Tun 1998 ƙasashen ECOWAS suka amince da takardar ƙetare iyaka da dabbobi, wadda ke nuna yawan shanu da allurar da aka yi musu, kuma mun ga yadda makiyayi ke adana takardun shanu kamar ransa. Abin kunya ne a ce takardar saniya tana da rai, ta matar da ke tatsar ta kuwa ta mutu.

A saboda haka ga shawararmu ga junanmu. Kowane mai gida ya tattara katunan iyalinsa, ya sa a rubuta masa suna da lambar kowa a takarda biyu, ɗaya ta tafi da shi daji, ɗaya ta zauna wurin wanda ya amince da shi a gari. Sa'an nan a tsayar da lokaci guda na dubawa wanda ba ya wucewa a manta, kuma a ganinmu babu kamar ƙarshen damina, lokacin da shanu suka yi ƙiba, nono ya yawaita, mata suka sami cinikin wagashi, kuɗi yana hannu, kafin a ɗaure kayan tashi. A ranar da aka kira malamin dabbobi, a ranar a buga *929# a duba na mutane ɗaya bayan ɗaya, a san watan da kowanne zai cika, a bar wa na gari kuɗin da amanar sabuntawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mace da zarar ta ga alamar ciki a kai ta awo a yi mata nata, kada a jira naƙuda. In an haihu a yi wa jariri takardar haihuwa kafin ya cika shekara, lokacin da ake yin ta kyauta, domin ita ce za ta tsaya masa gobe a wurin Ghana Card.

Ardo-ardo da sarakunan Fulani da sarakunan zango, wannan aiki naku ne. Kamar yadda kuke shelar ranar allura da ranar taro, ku riƙa shelar watan sabunta kati. Shugabannin kara a Turaku da Kumasi da Techiman da Buipe, ku ajiye yaro ɗaya mai karatu da waya a gindin bishiya ranar kasuwa, aikinsa ke nan, duba wa mutane katinsu. Ku kuma masu shanun da kuke zaune a gari kuka ba wasu kiwo, ko alhazai ne ku ko sarakuna ko ma'aikata, ku ji tsoron Allah game da yaran da ke bin dukiyarku cikin raɓa da ƙaya. Mai kiwon da ke kwance ba ya kora shanu mashaya. Ku sa kuɗin katinsa da na matarsa da 'ya'yansa a cikin sharaɗin kiwo, kamar yadda kuke sa gishiri da maganin kaska.

Ga hukumar inshorar lafiya kuwa, kiranmu ba mai tsada ba ne. Ma'aikatanku sukan fita da na'urorinsu zuwa kasuwanni da makarantu da wuraren ibada, to a sa kasuwannin shanu a cikin jerin, a kan ranakun da suke ci, musamman a watannin Oktoba da Nuwamba. A riƙa yin sanarwa a gidajen rediyon gundumomi da Hausa da Fulfulde, a faɗa a fili cewa ran kati shekara ɗaya ne. Kada a sake kama makiyayi da jiran wata guda a kan lattin da tafiyar kiwo ta jawo masa, domin wanda ya bi ruwa da ciyawa ba gudun biya ya yi ba. A haɗa tafiya da ma'aikatan dabbobi in za su shiga ruga yin allura, mota ɗaya ta ɗauki mai allurar shanu da mai rajistar mutane. A kuma ja kunnen ma'aikatan taga, da na hukumar katin ɗan ƙasa, su yi aiki da abin da doka ta ce, su bar aiki da abin da suka ji a gari game da mu.

Naman da ake ci a Accra da Kumasi ta hannunmu yake bi, harajin da ke riƙe da asibiti kuma da guminmu a ciki. Ba mu roƙon a fifita mu a kan kowa. Amma kafin mu nuna wa hukuma yatsa, kowa ya buɗe jakarsa yau da dare, ya ciro katin nan, ya sa a duba masa. In yana da rai, ya riƙe watan cikarsa. In ya mutu, ya tashe shi tun yara suna wasa a bakin garke, tun karsana tana turkenta.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya albarkaci dukiya da iyali, ya kai mu damina mai albarka. Amin.